Inda Mai Hoto Ya Tsaya

Ran Talata da hantsi Asiya ta tafi gonarta ta duba ko hatsi ya isa girbi, sai ta tarar da kusan rabinsa a kwance. Kara a karye, zangarniya a gutsure, saura an tattake cikin rairayi. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, ya bar mata wannan gona ɗaya tak da 'ya'ya huɗu, kuma da hannunta ta nome ta tun daga shuka har maimai. Ba ta yi kururuwa ba. Zama ta yi a bakin gona ta rafka tagumi, a haka mata masu zuwa itace suka same ta.

Kafin azahar duk Tudun Kalgo ya san wanda ya yi ɓarnar, ko da yake babu wanda ya gani. Halinmu ke nan, ba zan ɓoye ba. Duk ranar da gona ta lalace sai idanunmu su koma arewa, inda rugar Abdulmumini take. Shekara talatin da ɗaya suna nan. Ubansa a maƙabartarmu yake kwance, 'ya'yansa makarantar lakwal ɗaya suke zuwa da namu, nonon da muke dama fura a hannun uwarsa Gwaggo muke saye. Sai dai takin shekara talatin ya mai da ƙasar rugar baƙa wuluk, kuma babu magidanci a garin da bai taɓa auna wurin da ido ba.

Wannan karon ma har da hoto.

Wani furoje, wato shiri na raya itatuwa, shi ne ya ba kwamitin garinmu kyamara, wadda muke kira aparai, shekara uku da suka wuce, don a riƙa ɗaukar masu saran gawo daga nesa ba sai an yi fito-na-fito ba. 'Yar ƙarama ce baƙa, ba ta fi sabulun wanki girma ba, tana shiga aljihun riga. Da an kunna ta sai idonta ya miƙo waje gaɓa-gaɓa, idan aka tura wani ɗan maɓalli da yatsa kuwa sai ta janyo abin da ke can nesa ta ajiye maka a allon bayanta. Masu saran gawo dai ko uku ba ta kama ba. Amma ta ɗauki suna da ɗaurin aure ba iyaka, da ita ake leƙen ko motar kasuwar Gidan Amumune ta taso, har jinjirin watan azumi an taɓa nema da ita. Sabiru, sakataren kwamiti, shi ke riƙe da ita saboda shi ya yi boko, shi ke kai batirinta wurin mai sola a sa masa wuta.

A ƙofar gidan mai gari Iliyasu ne Sabiru ya kunna ta, aka yi ta miƙa wa juna. Ga jajayen shanu masu dogon ƙaho, sun fi ashirin, tsamo-tsamo cikin hatsin Asiya, kara ya rufe musu ƙafafu.

"Da sassahe na hito za ni duba itatuwan kwamiti," in ji Sabiru. "Na iske su ciki. Nan bakin gona na tsaya, gindin aduwa, na ɗauka. Aparai ba ta ƙarya."

Mai gari ya ce ran Juma'a bayan an sauko za a zauna, idan abin ya tabbata rugar ta tashi daga ƙasar Tudun Kalgo. Sa'an nan, don a cika al'ada kawai, ya ce a kirawo Isufu mai bin sawu.

Isufu ya ba sittin da biyar baya. A zamaninsa ya bi raƙumin sata kwana huɗu har ya dawo da shi, amma tun da salula da hoto suka zo ba a cika tunawa da shi ba sai tunkiya ta ɓace. Shi ma ɗan kwamitin itatuwa ne. Sabiru kuwa surukinsa ne, mijin 'yarsa ta fari, Munira.

*

Ya isa gonar bayan rabin gari sun gama zagaye ta da ƙafa. Ya yi tsaki ya kore mu gefe da sandarsa. Ba ya bin sawu da gaggawa. Yakan sa rana a gabansa ne ya sunkuya, don inuwa ta fito masa da ramin sawun.

Cikin gona babu kofato ko ɗaya. An share ƙasar da reshen sabara, mai sharar yana tafiya da baya yana goge nasa. Kashin shanun ma an kwashe. Faɗin sharar bai wuce hanyar dabba biyu ba, ta yi kudu ta faɗa kan fako, inda ƙasa ta yi tauri ba ta riƙe sawu. A nan ta ɓace masa.

Ya koma arewacin gona. Tsakaninta da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa tafki, akwai saura da ba a noma ba, ya auna da ƙafa ta kai taki ɗari biyu da talatin. Ba a share ta ba, kuma babu komai a kanta sai sawun ƙadangare da na kurciya. A kan burtalin ga sawun garke nan ya miƙe ɗoɗar, babu wadda ta ratse.

Da la'asar sakaliya ya ɗaga wani kara da ya faɗi, ya tarar da sawu ɗaya da mai shara ya tsallake. Kofato ne dogo, bakinsa ya lanƙwashe ciki. Saniyar da ke yawon kiwo kullum kofatonta gajere ne, hanya ta cinye shi. Wannan na dabbar da ke kwana tana wuni a turke ne.

Ya je ya gaya wa mai gari a gaban mutane. Ya juya ga Sabiru ba tare da ya dube shi a ido ba, kamar yadda suka saba.

"Da ka gan su ciki, mi ya hana ka kore su?"

"Ni kaɗai ne, Baba. Ga makiyayi da sanda."

Mai gari ya yi murmushi. "Isufu, ƙasa ta ce a'a, hoto ya ce i. Idonka ya sha aiki, na aparai kuwa sabo ne."

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

*

Laraba da safe Isufu ya tafi ruga. Ya ari kyamarar daga hannun mai gari, wanda ya ba shi yana cewa to, a je a bi sawun hoto. Wani malamin lakwal ne ya nuna masa inda ake dannawa hoton ya fito.

Abdulmumini ya karɓe ta da hannu biyu ya daɗe yana kallo. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, gemunsa ya fara furfura.

"Shanuna ne," in ji shi. "Ga ja mai karyayyen ƙaho, ga uwar tagwaye. Ni da kaina na kai su tabki. Amma Malam Isufu, ko Alƙur'ani anka aza mani, ƙahwarsu ba ta bar burtali ba."

"To ƙaƙa anka yi sunka shiga cikin abin ga?"

"Shi ne ban sani ba. Tun jiya nike tambayar kaina ko barci na yi a tsaye."

Wannan ne ya fi ɓata wa Isufu rai. Mutum ya san gaskiyarsa, amma wani ɗan ƙarfe ya sa yana shakkar idonsa.

Gwaggo tana zaune a ƙofar bukka, ƙwaryar nono uku a gabanta a rufe da faifai. Tsohuwa ce da ta unguwanci rabin matan garinmu lokacin da asibiti ke nesa.

"Jiya na zaga gari kamar kullum," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba wadda ta kira ni. A'i matar liman, da na yanke ma ɗiyanta cibi, ta gan ni ta shige ɗaki. Na dawo da nonona kamar yadda na tahi da shi. Isufu, in kora za ku yi, ku hwaɗi tun yanzu, mu kwance bukka da rana tsaka."

"Ku jira Juma'a, Gwaggo."

"Mun jira talatin da ɗaya. Biyu ba su gagare mu."

*

Gida biyar ne a Tudun Kalgo ke da shanun turke. Wanda ya fara faɗo wa Isufu a rai shi ne Rabilu mai amalanke. Gonarsa na iyaka da ta Asiya, kuma ya sha rigimar iyaka da marigayi mijinta, har ya taɓa rantsewa a bainar jama'a cewa sai gonar nan ta zama kufai.

Ya same shi yana gyaran ƙafar amalanke. Rabilu bai ko miƙe ba.

"Na san za ka zo, Baba Isufu. Wanda ya taɓa ɗaga murya a garin ga shi ne ɓarawo har ya mutu. Tun Litinin nike Issawane da shanuna, na kai ma wani kara da azara. Can na kwana. Tambayi duk wanda ka so."

Isufu bai tambayi kowa ba. Ya ɗaga ƙafar shanun ɗaya bayan ɗaya, kofatonsu a cinye yake, har da jan laka irin ta hanyar Issawane a tsakani. Ba su ba ne.

Ya shiga gida na biyu, na uku, na huɗu. A ɗaya an sayar da san tun makon jiya, a ɗaya maraƙi ne ƙarami, a ɗaya sa guda ne gurgu da ko ƙofar gida ba ya kaiwa. Da yamma ya bi ta wurin Rabilu zai koma gida.

"Ka gama?" in ji Rabilu.

"Na gama."

"Huɗu na ƙirga."

Isufu ya yi kamar bai ji ba. Gida na biyar na Sabiru ne. Shekara shida da auren Munira bai taɓa taka zauren gidan ba. Uba ba ya kutsa kai gidan suruki, balle gidan 'yar fari, wadda ko sunanta ba ya kira. Idan ya hango Sabiru a hanya ratsewa yake yi, shi ma haka. Bai tsallake gidan don ya ɓoye wani abu ba. Zuciyarsa ce ba ta ma sa shi cikin gidajen da ake shiga ba. Kuma ai wanda ya kawo hoto ba shi ake bincike ba.

*

Alhamis Isufu ya hau babur ɗin kabu-kabu zuwa bakin hanya, ya shiga motar Tasawa. A bayan kasuwa akwai Hashim mai hoto, wanda salula ta kashe wa sana'a, yanzu sai hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan lakwal masu jarrabawa. Ya karɓi kyamarar yana juya ta kamar ya ga tsohon aboki.

"Irin wagga tana da zum sau talatin, Baba. Ƙarama ce, amma tana hango akuya a kan tudu ta ce maka namiji ce ko mace."

Ya fito da hoton, ya danna wani maɓalli, wasu ƙananan lambobi suka bayyana a gefe.

"Talata, ƙarhe bakwai saura. Ka ga lambar ga? Tana nuna an tura zum har ƙarshe. Wa ya ce maka a bakin gona ya tsaya?"

"Wanda ya ɗauka."

Hashim ya girgiza kai. "In a bakin gona ya tsaya ya tura ta haka, ba abin da za shi samu sai idon saniya guda. Ba za shi samu garke duka ba. Wanga mutum ya yi nisa, nisa sosai. Zo ka gani."

Suka fito bakin titi. Can ƙasa wata mata na tsallakawa da tiren gyaɗa, bayanta da nisa wata babbar mota na tsaye wurin masu sayar da mai. Hashim ya jingina kyamarar a kan bencin mai shayi, ya tura maɓallin, idon ya yi ta miƙewa. Isufu ya leƙa allon. Motar na manne da bayan matar, kamar za ta take ta. Ya ɗago kai. Tsakaninsu ya fi tsawon filin idi.

"Haka take yi," in ji Hashim. "In ta janyo nesa, sai ta matse abin da ke tsakani. Na gaba da na baya su zama kamar wuri guda suke. Ba ƙarya ta yi ba, hilin da ke tsakiya ne ta haɗiye. Kuma in an tura ta haka hannu na rawa. Tana da abin da ke rage rawar, amma hoto mai kyau irin wanga sai an aza ta bisa wani abu."

Isufu ya tuna saurar nan mai taki ɗari biyu da talatin, da karan hatsi da ya fi mutum tsawo.

"Ana iya gane inda mai ɗauka ya tsaya?"

"Aparai ba ta rubuta wannan ba."

"Wanke mani shi a takarda. Babba."

Da hoton ya fito, Isufu bai dubi shanun ba, ya gaji da ganinsu. Bayansu ya duba. Ga babban gawon nan na bakin burtali, tsirara ba ganye kamar yadda gawo ke yi da damina, kuma daidai cikin gwafarsa ga ƙarfen rezo, dogon ƙarfen salular nan na Gidan Amumune, a tsaye, ja da fari, ƙato kamar a bayan gonar aka kafa shi. Daga garinmu wannan ƙarfe bai fi allura ba.

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce wa Hashim ya koya masa tura zum ɗin nan da kansa.

*

Juma'a da rana ta fito ya tsaya gindin aduwar da Sabiru ya ce. Daga nan ko shanun da ke burtali ba a gani, kara ya tare. Ƙarfen rezo kuwa yana can gefe, babu abin da ya haɗa shi da gawo.

Ya yi ta matsawa har ƙarfen ya shiga gwafar gawon. Sa'an nan ya fara ja da baya, yana riƙe da su biyun a ido, kamar mai jan igiya. Layin ya ratsa da shi ta kan fakon da shara ta ɓace masa. Ya wuce fakon, ƙasa ta fara hawa. Sai da ya yi taki kusan ɗari bakwai ya tsinci kansa a kan wani tudun rairayi da ba kowa ke zuwa ba, a gefen wani kututturen kalgo mai gwafa.

Ba a share komai a nan ba. Kwana uku ba ruwa ba iska, ƙasa ta riƙe amanarta. Ga ramin gwiwa ɗaya a gaban kututturen, inda mutum ya durƙusa ya ɗora abu a gwafa. Ga sawun takalmi mai ƙusoshin roba, irin wanda furoje ya ba sakataren kwamiti, ƙafa ɗaya tak a garin. Ga inda igiya ta goge ɓawon kalgo. Ga sawun bijimai biyu masu dogon kofato, sun yi ta juyawa a ɗaure. A gefe ga tarin kashin shanu da aka juye daga buhu, ya fasa ɗaya da sanda, ɗanyen hatsi ne cike. Reshen sabarar ma yana nan a yashe, ganyensa ya yanƙwane.

Daga tudun sawun ya gangara yamma, ya bi bayan gari, ya shige ƙofar baya ta gidan da Isufu bai taɓa shiga ba. Ɗaya daga cikin bijiman ma shi ya aika da shi yana maraƙi, ranar sunan jikansa na farko.

Ya zauna a kan rairayi. Ga baƙin ciki, ga jin kunya, don Rabilu mai amalanke ya riga shi gani. Da tafin ƙafa ɗaya zai iya shafe wurin nan kafin a ɗaura alwala, babu wanda zai sani, kuma gari duka zai gode masa. Ya daɗe yana kallon ramin gwiwar. Sa'an nan ya tashi ya saro ƙaya ya kewaye wurin don kada awaki su taka, ya bi ta ruga ya gaya wa Abdulmumini ya kora garkensa burtali bayan sallar Juma'a, ya tsayar da su gindin gawo.

*

Da aka sauko aka taru ƙofar mai gari. Ga Asiya a gefe cikin mata, ga Rabilu, ga Sabiru da farar riga, ga Gwaggo a tsugune nesa da kowa.

"Ina Abdulmumini?" in ji mai gari. "Ko ya gudu?"

"Yana inda na aje shi," in ji Isufu. "Ranka shi daɗe, shari'ar ga ba ta zaure ba ce. A taso."

Aka bi shi ana gunaguni cikin rana. Tun da aka doshi fako na lura Sabiru ya fara zama na baya. A kan tudu Isufu ya tsayar da mu bayan ƙayar, ya durƙusa gefen kututturen, ya ɗora kyamarar a gwafa, ya tura zum har ƙarshe.

"Mai gari, leƙa."

Mai gari ya sunkuya. "Sun koma ciki. Ga su cikin hatsin Asiya."

"Ɗago kai ka duba da idonka."

Ya ɗago, ya kare rana da hannu. Can nesa ga garke a burtali, ga Abdulmumini a tsaye da sanda a kafaɗa. Aka tura mutum biyu suka gangara, suka tsaya a tsakiyar saura suna ɗaga hannu, shanu na bayansu da nisa, gona na gabansu da nisa. A allon kuwa duk a cakuɗe suke wuri ɗaya. Mutane suka yi ta leƙawa ɗaya bayan ɗaya.

Isufu ya janye ƙayar. Ya nuna gwiwa, ya nuna takalmi, ya nuna kofato, ya fasa kashi ya nuna hatsi. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya nuna inda sawun ya gangara da bakin sandarsa, duk muka bi shi da ido har ƙofar da ya shiga.

Sabiru ya durƙusa a inda yake.

"Bijimaina sunka tumɓuke turke da asuba, Baba. Kahin in cim masu sun gama ɓarna. Tsoro ya kama ni, na share, na jawo su nan in huta. Sai na hangi garke za shi tabki, na hiddo aparai in leƙa ko makiyayi ya gan ni. Ban shirya ba, wallahi. Da na ga yadda ya hito cikin allo, sai hannuna ya danna. Na ce a raina, ai ko ban nuna komi ba, su za a ce."

Babu wanda ya musa masa wannan.

Mai gari ya gyara murya. Ya ce kuskure ne, ɗan gari ne, a rufa asiri, ba sai maganar ta kai jandarma ba. Sabiru zai cika wa Asiya rumbunta daga nasa. Kyamara kuwa ta zauna hannun Isufu tukuna. Da Abdulmumini ya hauro tudun, mai gari ya ce masa, "To, ka ji, ba kai ba ne. Zauna abinka." Iyakar abin da aka ce masa ke nan. A cikin mutum sama da sittin babu wanda ya buɗe baki ya ce a yi haƙuri, sai Asiya, ita kuwa ba ta taɓa zarginsa da bakinta ba.

*

Asabar da safe Isufu ya fito ya tarar da bijimi ɗaure a ƙofar gidansa, wanda ya aika ranar suna. Munira ce ta sa aka mayar masa. Ba ta haɗo da ko kalma ɗaya ba.

Lahadi rugar ta tashi. Isufu ya je ya tarar an kwance bukkoki, ana ɗaure kaya a kan jakai.

"An wanke ka a gaban kowa," in ji shi. "Mi ya saura?"

Abdulmumini ya ci gaba da ɗaure igiya. "Ka wanke ni, Malam Isufu, Allah shi saka maka. Amma ran Talata, kahin a kira ka, na ga mutane uku sun zo sun tsaya can suna nuna hilin ga da hannu. Ɗayansu tare munka yi kaciya. Wata rana wani turke za shi sake tumɓukewa, kuma ba kullum kake da rai ba."

Gwaggo ta miƙa masa ƙwaryar nono ɗaya, ta ce ya kai wa Asiya, yara su sha.

Isufu ya hau tudun nan shi kaɗai. Garken ya riga ya yi nisa a hanyar Issawane, sai ɗan ja-ja a bakin sama. Ya ɗora kyamarar a gwafar kalgo ya tura zum. Ga Gwaggo a kan jaki da ƙorenta, ga ja mai karyayyen ƙaho a baya tana ɗingishi, kusa har kamar ya yi sallama su amsa. Ya kalle su har suka shige bayan wani tudu.

Sa'an nan ya juyo da ita wajen kufan rugar. Toka ba ta ko huce ba a murhun Gwaggo, amma ga mutum biyar a kan baƙar ƙasar nan, suna ja da igiya suna kafa turaku. Ya daidaita hannunsa, ya riƙe numfashi kamar yadda Hashim ya koya masa, ya danna.

Hoton yana nan cikin kyamarar har yau, ya fito tar, ana gane fuskar kowa. Babu wanda ya taɓa cewa a nuna masa a ƙofar mai gari. Ni dai Isufu ya nuna mini sau ɗaya. Ni ne na biyu daga hagu, mai riƙe da bakin igiya.